Yadda Jama'a Ke Haɗa Gwiwa Su Buga Wa Yaro Hannun Roba Da Firintar 3D

Tun da hotunan yara masu hannun roba mai launi suka fara yawo, tambayar da aka fi yi ita ce: muna da firintar 3D a makaranta ko a shago, ta ina za mu fara? Bugawar, wato firinta ta narkar da roba ta ƙera sassan layi kan layi, ita ce mafi sauƙi a cikin aikin duka. Wahalar tana wajen awo, da daidaita hannun a jikin mai shi, da komawa a duba shi bayan an miƙa.

Wannan jagora ta tsaya a kan hannun da wuyan hannu ke motsawa, irin wanda masu aikin sa-kai na ƙungiyar e-NABLE ke bugawa suna rabawa kyauta tun 2013. Ba shi da batir, ba shi da inji. Idan yaro ya lanƙwasa wuyan hannunsa ƙasa, zare ya ja yatsun su dunƙule gaba ɗaya. Idan ya miƙe shi, 'yan robobi su buɗe su.

1. Tara mutanen aiki

Mutum ɗaya ba ya yin wannan aiki ya yi kyau. Kafin a kunna firinta, a tabbatar akwai waɗannan:

Mai hannun da iyayensa. Su ne masu maganar ƙarshe.

Ma'aikacin lafiya da ya san gaɓoɓi: likitan gashin ƙashi, ko mai haɗa hannu da ƙafar roba. Ana samun su a sashen gashi na asibitocin koyarwa, da asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano. Shi zai duba fata da ƙarfin gaɓa, ya ce a yi ko kar a yi.

Mai firinta, wanda ya riga ya saba da injinsa.

Mai haɗawa. Mai gyaran waya ko agogo ya fi kowa dacewa, don hannunsa ya saba da ƙananan abubuwa. Tela ko baduku kuma shi zai yi maɗauri da shimfiɗar ciki.

Mai riƙe littafi, wanda zai rubuta awo, ranar miƙawa, kuɗin da aka kashe da ranar komawa. Wannan kujerar ce aka fi rainawa, kuma rashinta ne ke sa aiki ya watse bayan hannu biyu ko uku.

Gargaɗi: idan ba ku sami ma'aikacin lafiya ba, ku dakata da maganar hannu. Ku fara da ƙananan kayan taimako da za a ambata a mataki na gaba.

2. Ku zauna da mai hannun

Kada tambayar farko ta zama "kana son hannu?" Kowane yaro zai ce eh. Ku tambaye shi abin da yake so ya yi wanda ke ba shi wuya yanzu: riƙe kofi, danne littafi yayin da yake rubutu, cafe ƙwallo, ɗaukar leda mara nauyi. Ku bar shi ya nuna muku yadda yake yi a halin yanzu. Yaron da aka haifa a haka sau da yawa ya riga ya ƙware da dungun hannunsa, yana jin abu da fatarsa, kuma roba za ta rufe masa wannan ji. Irin wannan yaro zai sa hannun don wani aiki ɗaya, ya cire don sauran. Wannan ba laifi ba ne.

Ku faɗa wa iyaye gaskiya tun a zaman farko. Hannun nan yana riƙe abu mara nauyi ne kawai. Yatsun ba sa motsi ɗaya-ɗaya. Ba ya ɗaukar bokitin ruwa, ba a dafa shi a tashi, ba a kama birkin keke da shi, ba a kai shi kusa da murhu.

Sau da yawa zaman nan ne zai nuna cewa ba hannu ake bukata ba. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko mai amosanin gaɓɓai, ko wanda kuturta ta cinye wa yatsu, ya fi amfana da mariƙin cokali mai zagaye tafin hannu, ko mariƙin biro mai kauri, ko abin murɗa makulli. Shirin Makers Making Change na ƙasar Kanada yana da tarin irin waɗannan zane-zane kyauta.

Gargaɗi: a mariƙin cokali, mariƙin kawai ake bugawa, a zura cokalin ƙarfe a ciki. Abin da firinta ta buga yana da 'yan layuka da abinci ke maƙalewa, wanki ba ya fitar da shi duka.

3. Zaɓen samfuri

Ragowar gaɓa ce ke zaɓa, ba kyan hoto ba.

Idan akwai tafin hannu ko da rabi ne, kuma wuyan hannu na lanƙwasuwa aƙalla digiri 30 da ƙarfi, to samfurin da wuyan hannu ke ja ya dace, kamar Phoenix Hand ko Raptor Reloaded. Idan babu wuyan hannu amma gwiwar hannu na aiki kuma akwai sauran sangali a ƙasanta, sai a koma UnLimbited Arm, wanda gwiwa ke ja. Idan yaro yana da babban yatsa mai aiki, a nemi fasalin da ya bar masa gurbi, kada a rufe yatsa mai rai da na roba.

Ana samun fayilolin zanen waɗannan samfura a shafukan intanet na e-NABLE da Thingiverse. Ku sauke takardar bayanin haɗawa tare da su, ku kuma karanta sharaɗin mai zanen, don wasu sun hana a sayar.

Gargaɗi: kar a yi wa wanda aka yanke wa hannu kwanan nan sai ciwon ya warke sarai, kumburi ya saɓe, likita ya amince. Kar a yi wa wanda fatarsa ba ta jin taɓi sai da sa idon ma'aikacin lafiya, domin roba za ta ci shi bai sani ba. Yaro ƙasa da shekara huɗu a jira, ƙananan sassan na iya shiga baki. Ƙafa kuwa ba ta cikin wannan magana ko kaɗan: abin da zai ɗauki nauyin mutum aikin ƙwararru ne a asibiti.

4. Awo

Kayan awo: tef ɗin tela, rula, waya mai kyamara, farar takarda. Komai a milimita.

A auna faɗin tafin hannu a inda ya fi faɗi, wato wajen tushen yatsu. A auna tsawo daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen dungu. A auna faɗi da kewayen wuyan hannu, da kewayen sangali a inda maɗauri zai zauna. A maimaita duka a lafiyayyen hannun, don sabon hannun kada ya fi ɗan'uwansa girma ya zama abin kallo.

Sai hotuna uku. Na farko daga sama, hannaye biyu a shimfiɗe a kan takarda, rula a gefe. Na biyu daga gefe, wuyan hannu a lanƙwashe ƙasa iya ƙarfinsa. Na uku daga gefe, a ɗage shi sama. Kyamara ta kalli hannun kai tsaye, rula kuma ta kwanta kusa da hannun. Hoton da aka ɗauka a karkace yana ƙara ko rage milimita da dama.

Mutum biyu su auna daban-daban, a gwama. Idan bambancin ya wuce milimita 3, a sake.

Gargaɗi: a rubuta "dama" ko "hagu" da manyan baƙaƙe a kan takardar. Buga hannun hagu ga mai bukatar dama kuskure ne da ke cin kwana guda da roba mai yawa, kuma ƙwararru ma na faɗawa ciki. Hoton yaro kuma kar a tura wa kowa ba da izinin iyaye ba, fuska ma ba a bukatarta.

5. Lissafin girma

Kowane samfuri na zuwa ne a girma ɗaya, kai za ka faɗaɗa shi. Ga lissafin Raptor: faɗin tafi, a ƙara milimita 5 na soson shimfiɗa, a raba da 55. Idan tafin yaro milimita 65 ne, 65 da 5 sun zama 70, a raba da 55 a sami 1.27, wato kashi 127 cikin ɗari.

Wannan 55 ɗin na Raptor ne. Phoenix da sauran suna da nasu jadawalin a takardar bayaninsu, kar a ari lissafin wani a ɗora wa wani.

Duk sassan dole su tafi a kan kashi ɗaya, tsawo da faɗi da kauri. Idan aka manta fil guda, wato 'yar ƙusar robar da ke haɗa gaɓa da gaɓa, a kashi 100, zai yi ta lilo a cikin raminsa. Ramukan sukuru ma suna girma tare da hannun, don haka sai an gama lissafi ake sayen sukuru. Ku sani kuma nauyi ba ya tafiya daidai da kashi: hannun kashi 130 yana cin roba wajen ninki biyu na mai kashi 100, lokacin bugawa ma haka.

Idan lissafi ya faɗo tsakanin girma biyu, a ɗauki babban. Soso na cike gurbi, amma matsattsen hannu ba shi da magani.

6. Kaya da kuɗi

Firinta ƙarama irin Ender 3, mai farantin da ake bugawa a kai milimita 220 a 220, ta isa hannun yaro. Farashin irinta wajen dala 200 zuwa 300 ne kafin kuɗin shigowa. Manhajar da ke shirya fayil don bugawa, Cura ko PrusaSlicer, kyauta ce.

Zaren robar firinta mai kaurin milimita 1.75 yana zuwa a naɗin kilo ɗaya, wajen dala 20 zuwa 25 a kasuwannin waje, a nan ya fi haka. Naɗi ɗaya na fitar da hannun yaro uku zuwa biyar idan ba a yi ɓarna da yawa ba.

Sauran kaya: zaren fatsa saƙaƙƙe mai jure nauyin fam 80, wato wajen kilo 36, ƙananan robobin da likitocin haƙori ke amfani da su, marasa latis, wato ɗanyar robar da ke sa wasu ƙaiƙayi, maɗaurin Velcro irin na takalmin yara, soso mai tauri mai kaurin milimita 3, sukurun katako ƙanana, robar kan yatsa don hana santsi, da gam mai kamawa nan take. Kayan aiki: sukundireba, filaya mai tsinin baki, ƙaramin magagari, sanfefa, almakashi. Kayan da ke shiga hannun roba guda gaba ɗaya kan tsaya tsakanin dala 30 da 50.

A kasafin kuɗi, a lissafa kowane yaro da hannu biyu, na gwaji da na ainihi, a ƙara kuɗin motar iyaye na zuwa sau uku ko huɗu. Kuɗin motar nan shi ke hana mutane dawowa, ba rashin so ba.

Wace roba? PLA ta fi sauƙin bugawa, amma tana fara laushi a wajen digiri 60. Iskar bazara ba ta kai haka, sai dai cikin motar da aka rufe a rana a watan Afrilu, ko kan kwanon rufi, na iya kaiwa. PETG na jure har wajen digiri 80 kuma ba ta saurin tsagewa. Ga yaron da ke Sakkwato ko Maraɗi, PETG ta fi cancanta a tafi da yatsu, ko da ta fi wuyar sha'ani. A yi na gwaji da PLA.

Gargaɗi: zaren fatsa mai santsi irin na tsinke ɗaya yana miƙewa, ƙullinsa na zamewa. Robar ɗaure kuɗi kuma zafi na cinye ta cikin makonni, wasu yaran ma tana sa musu ƙaiƙayi.

7. Bugawa

Saiti na farawa: kaurin layi milimita 0.2, bangon waje layi uku, cikon cikin kowane sashe kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. PLA na son bakin firinta, inda roba ke fita, a digiri 200 zuwa 210, faranti 55 zuwa 60. PETG na son baki 230 zuwa 245, faranti 70 zuwa 80. A bi abin da aka rubuta a jikin naɗin idan ya bambanta.

Kar a fara da tafi. A buga yatsa ɗaya da fil ɗinsa, aikin da bai kai awa guda ba, a haɗa a gani. Idan fil ya shiga da ɗan ƙarfi kuma gaɓar na juyawa da kanta idan an girgiza, saiti ya yi. Idan ya ƙi shiga, mai yiwuwa bakin firinta ya matse faranti har layin farko ya baje ya toshe ramin, ko roba na fita fiye da kima.

A bar sassan a kwance yadda mai zanen ya ajiye su. Abin da aka buga yana da rauni a tsakanin layi da layi, don haka fil ɗin da aka buga a tsaye zai karye kamar karan dawa.

Hannu guda na cin awa 10 zuwa 20, gwargwadon girmansa. A nan maganar wuta ke shigowa. Tafi shi kaɗai na iya cin awa biyar ko fiye, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiya, ko firintar ta ci gaba daga baya, wurin da ta tsaya yakan zama tabo mai rauni. A jona ta da inbata da batir. Irin wannan firinta ba ta wuce wat 350 lokacin ɗumama, tana sauka ƙasa sosai idan ta kama aiki. A raba aikin kashi-kashi: yatsu yau, tafi gobe. Idan ƙungiya na da firinta biyu, su yi amfani da roba iri ɗaya da saiti ɗaya, in ba haka ba sassan ba za su shiga juna ba.

Gargaɗi: da damina roba na shan danshi, musamman PETG. Za ka ji tana ƙas-ƙas a baki, tana barin zare-zare. A ajiye ta a bokiti mai murfi da 'yan ƙunshin busar da danshi. Da hunturu kuma ƙura ce: a rufe firinta, a goge faranti kafin kowane bugu, a kawar da ita daga taga da fanka.

8. Gogewa da lanƙwasawa

Duk inda zai taɓa fata a goge shi da sanfefa har sai ka shafa shi a bayan hannunka ba ka ji kaifi ba. A zura zare a kowane rami don tabbatar a buɗe yake. Idan ya toshe, a buɗe da siririn bakin diril ana murzawa da hannu, ba da inji ba.

Ɓangaren da ke rungume sangali, a samfurin Phoenix, a shimfiɗe ake buga shi, sannan a lanƙwasa. Idan PLA ce, a tsoma shi a ruwan zafi har ya yi laushi, a ɗora a kan ma'aunin lanƙwasa da ke cikin fayilolin, a riƙe har ya huce. PETG ta fi son na'urar hura iska mai zafi. Kunnuwan da fil zai shiga su tsaya daidai da juna, in suka karkace wuyan hannun zai riƙa cijewa.

Gargaɗi: ba a lanƙwasa roba mai zafi a jikin yaro.

9. Haɗawa da ɗaure zare

A bi wannan jeri: yatsu da gaɓoɓinsu, yatsu a jikin tafi, robobin da ke buɗe yatsu, tafi a jikin ɓangaren sangali, sannan zare. Kafin a sa zare, a lanƙwasa kowane yatsa a saki. Wanda bai koma da kansa ba, a cire a ƙara gogewa. Zare ba ya gyara yatsan da ke cijewa, ƙara wa yaro wahala kawai zai yi.

Zare na tashi daga kan yatsa, ya bi ta cikin yatsan, ya ratsa tafi, ya fito ta baya zuwa akwatin ɗamewa da ke kan sangali. Kafin ɗauri, a murɗa sukurun akwatin zuwa rabi, don a sami damar ƙarawa ko ragewa daga baya. A ɗaga tafin sama kamar digiri 30, yatsu a buɗe, a ɗaure a haka. Amfanin wannan shi ne da zarar yaro ya fara sauko da wuyan hannu yatsun sun fara kamawa, ba sai ya kai ƙarshen lanƙwasa ba.

Yatsun su rufe tare, babban yatsa ya haɗu da manuni. A ɗiga gam kaɗan a kan kowane ƙulli, a kula kar ya gangara cikin rami, don idan ya kama zaren a ciki sai an sake yatsan. A ƙarshe a manna soso, a sa maɗauri, a sa robar kan yatsa.

10. Gwaji a jiki

A yi shi gaban ma'aikacin lafiya. Fil ɗin wuyan hannun roba ya zauna daidai kan gaɓar wuyan hannun yaro. Idan ya yi gaba ko baya, hannun zai riƙa zamewa yana goge fata. Dungu ya cika tafi. Idan gajere ne, a cike gaban da soso don ya sami abin turawa. Maɗauri ya kama, amma yatsan babban mutum guda ya iya shiga ƙarƙashinsa.

A bar shi ya sa minti 15, ya gwada ainihin abin da ya ce yana so a mataki na biyu. A cire a duba fata da kyau a haske. A fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, don haka a nemi wurin da ya ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko ya yi ɗumi, ko shatin da ya lotsa. Shatin da bai ɓace ba bayan minti 20 alama ce ta matsi. A gyara wurin kafin a tafi da hannun gida.

A makon farko, rabin awa sau biyu a rana, ana ƙarawa a hankali. A cire lokacin barci, wanka da alwala. A sa safa ta auduga a ƙarƙashi saboda gumi, a wanke ta kullum. Hannun kansa a goge shi da tsumma da ruwan sabulu mai sanyi, a shanya a inuwa.

11. Komawa da gyara

A sallami iyaye da 'yar leda: robobi ashirin, zare mita biyu, fil biyu, yatsa ɗaya na ajiya, da lambar wanda za a kira. A koya wa wani babba a gidan canza roba da ɗame zare, ya yi da hannunsa a gabanku.

A koma bayan mako ɗaya, bayan wata ɗaya, sannan duk wata uku. Kada ku dogara da amsar baki. Uban da aka yi wa kyauta zai ce "lafiya lau, mun gode, Allah ya saka" saboda kara, ko da hannun na cikin akwati tun ranar da aka kawo. Ku ce a ɗauko shi. Wanda ake amfani da shi za ku ga kan yatsun ya goge, soso ya lotse, maɗauri ya yi dauɗa. Idan ya fito fes kamar sabo, ku zauna da yaron shi kaɗai ku tambaye shi a hankali: zafi yake yi, nauyi ne, ko yara ne ke tsokanarsa a makaranta? Kowace amsa da gyaranta, wani lokacin ma gyaran shi ne a bar hannun a yi masa mariƙin biro.

Yaro mai tasowa kan fi ƙarfin hannunsa cikin wata shida zuwa shekara. Mai littafi ya ajiye fayil, kashin girma, irin roba da saitin da aka yi amfani da su, da duk inda aka ƙara soso. Idan lokaci ya yi, a sake awo daga farko, kar a ƙara kashi da ka. Tsohon hannun a karɓo shi, a cire sukuru a ajiye, a duba inda ya tsage a rubuta, a aika wa mai zanen bayanin tare da hoton wurin da ya karye.